Ina za a kalle shi, kuma wanne za a kalla? Nazari bisa neman fim ɗin Il était une fois dans l'Ouest ta intanet

1. Gabatarwa

Tambayar da ɗalibai masu nazarin sinima sukan yi yanzu game da tsofaffin finafinan kaboyi ita ce ta wurin kallo: a wane dandalin intanet za a samu fim kaza, da kuɗi ko kyauta? Tambaya ce mai ma'ana, tun da yake ba a nazarin abin da ido bai gani ba. Sai dai a ƙarƙashinta akwai wata wadda ba a cika yi ba, wadda kuma a ganinmu ta fi ta nauyi: in an samu, mene ne aka samu? Cikin wannan takarda za mu ɗauki misali guda, fim ɗin Sergio Leone na shekara ta 1968, wanda a ƙasashen da ke aiki da Faransanci aka sani da sunan Il était une fois dans l'Ouest, domin mu nuna cewa suna ɗaya ne amma kwafin da ke yawo ba ɗaya ba ne, kuma bambancinsu yana taɓa ainihin abin da aka gina fim ɗin a kansa, wato ramuwar gayya. Manazarcin adabi ba ya sharhin littafi bai faɗi bugun da ya karanta ba. Manazarcin waƙar baka yakan faɗi ranar da aka ɗauki murya da wurin da aka ɗauka. Ba mu ga dalilin da zai sa a yafe wa manazarcin sinima wannan ƙa'ida ba.

2. Ramuwar da aka ɓoye dalilinta

Labarin a dunƙule ba shi da wuya. Wani manomi, Brett McBain, ya sayi fili cikin busasshen daji inda ba kowa, saboda ya gane a nan kaɗai ake da ruwa, kuma jirgin ƙasa, wanda a zamanin da tururi yake tafiya, dole ya bi ta nan ya sha. Mai kamfanin jirgin, Morton, ciwon ƙashi ya naƙasa shi, ba shi da buri sai ya ga layin dogonsa ya isa Tekun Pasifik kafin ya mutu. Ya sa wani ɗan bindiga mai suna Frank ya tsorata manomin; Frank kuwa ya kashe shi har da ƴaƴansa uku. A ranar ce amaryar McBain, Jill, ta sauka daga New Orleans, ta tarar da gawa huɗu shimfiɗe bisa teburan da aka shirya domin walimar bikinta, ta kuma zama magajiyar filin. An laƙa laifin ga wani ɗan fashi, Cheyenne. Cikin wannan rikici sai ga wani baƙo marar suna, mai busa wani ɗan abin busa na ƙarfe mai ramuka a jere da ake kira harmonika, yana neman Frank, ba wanda ya san dalili. Da sunan abin busar ne ake kiransa har ƙarshe.

A al'adar finafinan ramuwa, akan fara da nuna zaluncin. Fim ɗin Giulio Petroni na 1967, Da uomo a uomo, ya buɗe da yaro yana laɓe yana kallon yadda ake kashe iyalinsa, sa'an nan aka tsallake shekara 15 aka nuno shi ya girma da bindiga. Amfanin wannan tsari a fili yake: tun daga mintin farko mai kallo ya zama ɗan goyon baya, duk abin da jarumin ya yi daga baya an riga an yafe masa. Leone ya juya tsarin. Ya ɗan gwada haka cikin Et pour quelques dollars de plus na 1965, inda sai a ƙarshe ake gane cewa yarinyar da hotonta ke cikin agogon aljihu ƙanwar Kanar Mortimer ce. A 1968 sai ya kai dabarar iyakarta. Sama da awa biyu mai kallo yana bin mutumin da bai san abin da aka yi masa ba. Abin da ake ba shi kawai shi ne ɗan waiwaye na daƙiƙu kaɗan, dishi-dishi, wani mutum yana tahowa daga nesa ba a gane fuskarsa.

Wannan jinkiri yana da sakamako ga hukuncin mai kallo. Duk lokacin da Frank ya tambayi baƙon ko shi wane ne, sai ya amsa masa da sunayen mutanen da Frank ɗin ya kashe. Da Morton ya saye yaran Frank da kuɗi suka yi masa kwanton ɓauna cikin garin Flagstone, baƙon ne ya riƙa nuna masa inda suke laɓe, har Jill ta zarge shi da ceton ran wanda ya kashe mata miji. Halin mai bin bashi ke nan, wanda ba ya son wanda yake bi ya mutu a hannun wani kafin ya biya. Sai a arangamar ƙarshe hoton waiwayen ya washe: Frank ne yana saurayi, ga wata ƙofa mai baka tsaye ita kaɗai cikin daji, ga wani mutum da igiya a wuya yana tsaye bisa kafaɗun ƙanensa, Frank ya cusa wa yaron harmonika a baki ya ce ya faranta wa wansa rai da ita. Yaron ya faɗi, wan ya rataya. Da Frank ya sha harsashi yana shure-shure, ya sake tambaya a karo na ƙarshe, baƙon bai ce uffan ba, ya cire harmonikar daga wuyansa ya sa masa a baki. Frank ya tuna, ya mutu.

Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Fim ɗin bai bi wannan magana ba, domin ramuwar da ke cikinsa a aune take: abin da aka ba yaron shi ya mayar, a wurin da aka sa masa, bai ƙara ko da zagi ba. Kisan ma ba shi ne biyan bashin ba, tunawar ce. Kuma a nan ne aikin Ennio Morricone yake shigowa. Ya rubuta kiɗan tun kafin a fara ɗaukar hoto, Leone yana sa shi a fage ƴan wasa suna motsi bisa amonsa, kowane babban tauraro da takensa, na Jill da muryar Edda Dell'Orso ba kalma ko ɗaya. Taken baƙon kuwa, wannan kukan harmonika mai kama da numfashin wanda ya shaƙe, shi ne sautin da ya fito daga bakin yaron yana haki a ƙarƙashin wansa. Wato dalilin da aka ɓoye wa ido, kunne yana jin sa tun daga tashar jirgin farko, bai sani ba.

Ba cewa muke yi fim ɗin ba shi da aibu ba. Tsakiyarsa tana da giɓi, musamman yadda Cheyenne ya kuɓuta daga jirgin da aka ɗauke shi a ciki, wanda gawawwaki kawai ake nuna wa mai kallo ya ƙarasa lissafi da kansa. Jill ita ce cibiyar labarin, amma kusan duk namijin da ya haɗu da ita sai ya taɓa jikinta ba da izininta ba, kuma fim ɗin bai nuna damuwa da haka yadda ya kamata ba. Leburorin Sin da baƙaƙen fata da ke shimfiɗa layin dogo, da Indiyawan daji da aka ƙwace wa ƙasar, ado ne kawai a bayan hoto. Waɗannan batutuwa sun cancanci takarda tasu. Abin da muke so a riƙe a nan shi ne cewa ginin ya dogara ga abu uku, lokaci da sauti da abin da aka hana faɗa, kuma su ne abubuwan da suka fi saurin lalacewa in fim ya yi ta sauya hannu.

3. Suna ɗaya, siga da yawa

Mu fara da tsawo. An fara nuna fim ɗin a Italiya cikin watan Disamba 1968. Sigar da aka fi sani a duniya tana da minti 165 ko 166. Da ya isa Amurka cikin Mayu 1969, kamfanin Paramount ya rage shi zuwa kimanin minti 145, kuma bai yi kasuwa ba a can, alhali a Faransa, inda aka nuna shi da tsawonsa, ya samu ƴan kallo sama da miliyan 14 da dubu 800, ya zo na ɗaya a finafinan shekarar. Abin da aka yanke ba ƙarami ba ne. An cire dukan fitowar zangon matafiya, inda Jill da Cheyenne da Harmonika suka fara haɗuwa, inda kuma Cheyenne ya laƙa wa baƙon sunansa. An cire mutuwar Cheyenne a ƙarshe. Wanda ya kalli wannan siga zai ɗauka ɗan fashin ya hau dokinsa ya tafi lafiya, sai ma'anar ƙarshen ta sauya gaba ɗaya: a cikakkiyar siga, Frank da Morton da Cheyenne duk sun mutu, Harmonika ya wuce da gawa bisa doki ba shi da sauran abin yi a duniya, jirgi ya iso, Jill ta fito da ruwa tana shayar da leburori. Zamanin ƴan bindiga ne ya ƙare gaba ɗayansa. In ɗaya ya tsira, maganar ta zama wata.

Akwai wani ƙaramin abu da ya fi wannan ban sha'awa ga mai nazari. Fim ɗin yana buɗewa da mutum uku suna jiran jirgi a wata tasha, fiye da minti 10 ba kiɗa ba magana sai ƙarar injin jan ruwa mai aiki da iska, da wayar tangaraho, da ɗigon ruwa bisa hular Woody Strode, da ƙuda mai damun Jack Elam. Martani ne ga High Noon na 1952, inda mutum uku ke jiran jirgi su ma. Baƙon ya sauka, an yi harbi, duka huɗun suka faɗi. Yadda Leone ya tsara da farko, daga nan sai a wuce gidan McBain, mai kallo bai san ko baƙon ya rayu ba sai ya gan shi can cikin duhun zangon matafiya da rauni. To da aka cire fitowar zangon a Amurka, sai ya zama dole a mayar da wani ɗan gutsure inda ake ganin ya buɗe ido ya tashi ya rataye hannu. Cikin 1984 aka maido da abin da aka yanke, amma gutsuren tashin ya zauna, har yau yana cikin yawancin kwafin da ke kasuwa. Ke nan ko sigar da ake kira cikakkiya tana ɗauke da tabon almakashin 1969: ta faɗa wa mai kallo da wuri abin da darakta ya so ya jinkirta. A Italiya kuma akwai wata siga da ta fito a kaset da faifai wadda ta haura minti 170.

Kada dai ɗalibi ya yi saurin yanke hukunci daga adadin minti kaɗai. Sinima tana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗin Turai da na ƙasashenmu, PAL ko SECAM, da hoto 25. Fim mai minti 165, in aka mayar da shi kaset ko DVD na Turai, yakan dawo minti 158 ko 159 ba a yanke komi ba, gudu kawai ya ƙara da kashi 4 cikin 100, sautin kuma ya ɗan haura. Kwafi da yawa da ke intanet daga irin waɗannan faifai aka kwashe su. Saboda haka 159 na iya zama cikakke, amma wanda zai rubuta cewa abu kaza ya faru a minti kaza dole ya faɗi da wane gudu ya ƙirga, in ba haka ba mai duba aikinsa ba zai samu wurin ba.

Sai harshe. Wanda ya saba da ƙa'idar cewa a kalli fim cikin harshensa na asali zai sha mamaki a nan, domin babu harshen asali guda. Kamar yadda aka saba a sinimar Italiya ta lokacin, an ɗauki hoto a Almeriya ta ƙasar Sifen, da situdiyon Cinecittà na Roma, da Monument Valley ta Amurka, muryoyi kuma aka ɗora daga baya. A sigar Ingilishi, wadda Mickey Knox ya rubuta maganganunta, Henry Fonda da Charles Bronson da Jason Robards da muryoyinsu suke magana. Claudia Cardinale kuwa, wadda aka haifa a Tunisiya ta tashi da Faransanci a baki, ba muryarta ba ce a Ingilishi, Joyce Gordon ce, ba kuma tata ba ce a Italiyanci, Rita Savagnone ce. Duk sigar da aka zaɓa, wani yana magana da bakin wani. Ra'ayinmu shi ne a fifita ta Ingilishi saboda Fonda, domin rabin tsoron da Frank ke bayarwa daga wannan sanyayyar murya yake fitowa, muryar da Amurkawa suka saba ji daga bakin mutanen kirki. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya iso fage da gilashin da ke mayar da ido ruwan ƙasa, Leone ya ce ya cire, shuɗin idon nan da kowa ya sani yake so a gani a fuskar mai harbin yaro. Amma wanda ke nazarin yadda ƴan kallon ƙasashen Faransanci suka karɓi fim ɗin, sigar Faransanci ce matanin da ke gabansa.

Misalin Jamus ya isa ya nuna abin da fassara ke iya yi. A can sunan fim ɗin Spiel mir das Lied vom Tod, wato busa mini waƙar mutuwa, kuma masu ɗora murya sun sa wannan jimla a bakin Frank daidai wurin da yake cusa wa yaron harmonika. Kalmar ɗan'uwa ta ɓace. Mai kallon wannan siga ba a faɗa masa wane ne aka rataye ba, yana iya ɗauka uba ne. Jimla ɗaya ce aka sauya, amma ita ce jimlar da awa biyu da rabi suke jira. Wannan ya kamata ya sa masu fassara finafinai zuwa Hausa tunani, su da al'adarsu ita ce cike kowane shiru da bayani ko barkwanci: fim ne da shirunsa ba giɓi ba ne.

Na uku shi ne faɗin hoto. Tonino Delli Colli ya ɗauki fim ɗin da tsarin Techniscope, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2,35. Tsohon allon talabijin sau 1,33 ne. Domin a cika allon, gidajen talabijin da masu kaset sukan yanke gefe da gefe, abin da ke zubar da sama da kashi 40 cikin 100 na hoton. A allon zamani mai 16:9 ma, in an cika shi, kusan rubu'i ne ke tafiya. Leone yakan ajiye fuska a wannan gefe, mutum tsaye can nesa a wancan, tazarar da ke tsakani ita ce maganar. In aka yanke, mutum uku da ke fuskantar ɗaya a tashar jirgi sukan koma biyu. Wani abin dariya shi ne cewa wayar salula ta yanzu, in an kwantar da ita, siffarta ta fi kusa da Techniscope bisa ga talabijin ɗin da iyayenmu suka kalla. Abin da take ragewa girma ne da sauti. Idanun Bronson da aka yi domin su cika bango sun koma faɗin yatsa biyu, kuma ɗigon ruwa da ƙudan nan ba sa fita a lasifikar waya cikin hayaniyar gari. Abin sa wa kunne ya zama wajibi.

4. Neman kansa

Da wannan a zuciya, sai mu dawo ga tambayar farko. Abu na farko da ke ɓatar da mai nema shi ne suna. Na Italiyanci C'era una volta il West, wanda ya fara da mabuɗin tatsuniya, kwatankwacin ga ta nan ga ta nanku, kuma ma'anarsa ita ce a da can an yi wata Yamma, ba a cikin Yamma ba kamar yadda Ingilishi da Faransanci suka mayar da shi. Na Ingilishi Once Upon a Time in the West. Injin bincike yakan haɗa shi da Il était une fois la révolution na 1971 da Il était une fois en Amérique na 1984, duka na Leone, har da fim ɗin Quentin Tarantino na 2019 mai kama da sunan. A haɗa suna da shekara ta 1968.

Abu na biyu shi ne cewa dandalin kallo ba ɗakin karatu ba ne. Netflix ya buɗe wa ƙarin ƙasashe 130 ƙofa cikin Janairu 2016, Amazon Prime Video ya bi sahu cikin Disamba na shekarar, amma shigar dandali ƙasa ba ta nufin shigar dukan kayansa. Ana sayar da izinin nuna fim ƙasa-ƙasa, na wani wa'adi, sau da yawa na watanni. Tun 1968 ma hakkin rarraba wannan fim a rabe yake, Euro International Films a Italiya, Paramount a waje. Shi ya sa abokin aiki da ke Liyon zai ce yana nan ya gani jiya, wanda ke Maraɗi ya buɗe dandali ɗaya da shi bai samu ba, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Shi ya sa kuma duk sunan dandalin da aka rubuta cikin takarda irin wannan yakan tsufa kafin a buga ta. Abin da ba ya tsufa shi ne hanya: shafuka irin JustWatch, wanda aka kafa a Balin cikin 2014, aikinsu ke nan, a zaɓi ƙasa, a rubuta suna, su nuna inda fim yake a ranar. A lura da bambancin abu uku da sukan jera, biyan wata-wata da a nan ake ce wa abonma, da haya ta kwana ɗaya ko biyu, da saye. Tsofaffin finafinan manyan kamfanoni sun fi dawwama a shagunan haya da saye irin na Apple da Amazon bisa ga dandalin abonma. Sai dai waɗannan shaguna katin banki suke nema, galibi na ƙasar da shagon yake, alhali mafi yawan ɗalibanmu ta waya suke biya. Masu bi ta VPN domin su nuna kamar a wata ƙasa suke, su san cewa sharuɗɗan yawancin dandalin sun hana. Sayen ma izinin kallo ne, ba mallaka ba.

Ga kuma lissafin data. Bisa ƙiyasin Netflix, hoto mai kyau yana cin har giga 3 a awa, matsakaici kimanin 0,7. Fim mai awa biyu da minti 45 zai ci wajen giga 8 a na farko, wajen 2 a na biyu. In rezo ya yi rauni dandali yakan rage ingancin hoto da kansa ba shawara, kuma wuraren da suka fi shan wahala su ne masu duhu da masu ƙura, wato zangon matafiya da rabin fim ɗin.

Saura kwafin kyauta, na YouTube da na katin waya da ake turawa a kasuwa. Ta fuskar doka fim ɗin bai fita daga hakkin mallaka ba: a Amurka kariyar shekara 95 ce daga fitowa, sai farkon 2064, a Turai shekara 70 ce bayan rasuwar na ƙarshe cikin darakta da marubuta da mai kiɗa, Morricone kuwa a 2020 ya rasu. Amma ko an ajiye doka gefe, matsalar mai nazari ita ce waɗannan kwafi ba su da asali. Masu ɗora su sukan juya hoton dama ta koma hagu, ko su matso da shi, ko su sauya gudun sauti, domin na'urar gano hakkin mallaka ta kasa kama su. Wasu taƙaitawa ce ta minti 15 da wani ke ba da labari a kai, yana fara wa da asirin ƙofa mai baka. Ɗalibin da ya gina babi bisa cewa Harmonika daga hagu yake shigowa, alhali kwafinsa a juye yake, ya yi aikin banza bai sani ba.

5. Abin da sashe zai iya yi

Gyaran fim ɗin da gidauniyar Martin Scorsese, The Film Foundation, ta ɗauki nauyi an nuna shi a bikin finafinai na Roma cikin 2007. Cikin 2009 Laburaren Majalisar Amurka ya sa shi cikin rajistar finafinan da ake adanawa. Cikin 2024 Paramount ya fitar da shi a faifan 4K. Faifai shi ne abin da ya dace da ɗakin karatun sashe, domin yana da shekara da lamba da adadin minti a rubuce, malami da ɗalibi kuma abu ɗaya za su gani. DVD na Faransa na shiyya ta 2 ne, yawancin Afirka ta 5, na'ura na iya ƙin karɓa. Blu-ray kuwa ya haɗa Turai da Afirka cikin shiyyar B, faifan 4K ba shi da shiyya sam.

Wannan magana ba ta tsaya ga finafinan waje ba. Finafinan kaboyi sun shigo gidajen sinimar ƙasashenmu ta hannun kamfanonin COMACICO da SECMA, da muryoyin Faransanci, kuma sun bar sawu. Shekara biyu kafin fim ɗin Leone, cikin 1966, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, mai kimanin rabin awa, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunaye irin Black Cooper da Reine Christine suka addabi ƙauyensu. Djingarey Maïga da Zalika Souley suna ciki. Alassane da Leone aiki iri ɗaya suka yi, kowa daga nesa da Amurka: sun kalli kaboyi a allo, suka mayar masa da martani da allo. Duk wanda zai kwatanta su, kuma kwatanci ne da ya dace da kundin digiri, zai tarar na Leone ya yi masa yawa har bai san wanne zai ɗauka ba, na Alassane kuwa sai ya bi ta ma'adanai irin Cinémathèque Afrique da ke Paris, ko ya jira irin bajekolin da gidan tarihin MoMA na New York ya shirya masa cikin 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Kafin faifai ya iso, duk kwafin Leone da ya shigo hannu ana iya gwada shi cikin minti biyar. A duba ko akwai baƙin layi sama da ƙasan hoton. A duba rubutun da ke jikin tasha da shagunan Flagstone, ko a daidai yake karantuwa. A nemi zangon matafiya, inda Lionel Stander ke tsaye bayan kanta yana yi wa Jill surutu har harbi ya katse shi daga waje. Sa'an nan a tsallaka zuwa mintocin ƙarshe a ga ko Cheyenne ya sauko daga doki ya zauna a ƙasa, ya roƙi Harmonika ya juya baya kada ya kalle shi yana mutuwa.